Bagin Maccido

Kowane gari da mai cika bakinsa, amma namu na nan gefen Tambuwal Allah ya ba mu shi har da gyara. Maccido ke nan, ɗan Malam Uthman mai shanu. Ya ba talatin baya bai taɓa kai kunyar gero ɗaya ƙarshe ba, amma in ya zauna majalisa ya turo hula gaban goshi ya fara zuba, sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin Sakkwato da hannunsa. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu da yunwa yana can yana ba da labarin yadda za su yi yawa. Ya taɓa buɗe shagon cajin waya, har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamarsa.

Sai ga shi ya faɗa son wata yarinya a Kebbe, Hamdiya. Ita ma ba ta ƙi ba, don a waya take jin sa, Maccido kuwa a waya ko minista albarka. Wanda ya tsaya shi ne baffanta, Ɗangiwa, da aurenta ke hannunsa. Ya aiko da magana gajeriya: su ba sa ba da ɗiya ga mai zaman kashe wando. In yaro yana da sana'a, shi da ƙanwarsa Goggo Tambaya za su zo su gani da idonsu, abin da suka gani shi zai yanke magana.

Da wani ne, sai ya roƙi ubansa gona ko ya kama sandar kiwo. Maccido waya ya ciro.

Ya tarar da kakarsa Dada tana tsince wake a tsakar gida, ya tura mata wayar har hanci. A ciki wasu Larabawa ne cikin wata mota marar ƙofa marar gilashi, ƙarfe zalla, suna hawa tudun rairayi suna gangarowa suna ihu.

"Dada, kin ga wagga? Bagi aka ce mata. Ba ta son titi, daji taka shiga. Sai ka ɗauki baƙi ka kai su su ga dutse, su ga tafki, su ga manyan itatuwa. Yawon buɗe ido ke nan. Daga Tambuwal har Kebbe babu wanda kanshi yak kai nan sai ni."

Dada ta ƙanƙance ido ta dubi wayar, ta dube shi.

"A ɗauki mutum da lafiyarshi a kai shi kallon dutse? Dutsen mi yay yi?"

"Bai yi komi ba. Kallonshi kawai aka yi."

"To in abin da bai yin komi aka son kallo, su zo nan gida mana, angona. Ga ka zaune."

Maccido ya ce ai tsofaffi ba su san ci gaba ba. Ya kwashi ƙashin wani tsohon keken haya mai ƙafa uku ya kai wa mai walda a Tambuwal. Aka yanke rufin, aka lanƙwasa bututun ruwa aka yi masa keji, aka ɗaura kujerun roba biyu da aka datse wa ƙafafu a baya. Aka shafe shi da jan fenti. Wurin birki aka duba aka duba babu abin sawa, Maccido ya ce kada wannan ya dami kowa, bagi don tafiya aka yi ta ba don tsayawa ba. Amma dai don ɓacin rana ya ɗauko taɓaryar Dada ya soke ta a gefe, in an so tsayawa a kafa ta a ƙasa.

Saura inji. Na wani tsohon babur da ya sa, ana gobe baƙi za su zo ya yi tari sau ɗaya ya cika. Nan ma Maccido bai girgiza ba. A fadama ubansa yana da injin ban ruwa a bakin rijiya, wanda kullum da hantsi yake tayarwa ya cika kwami, shanunsa da na maƙwabta duka su sha, don bazara ta kai inda ta kai, rafi ya ƙafe. Ranar zuwan baƙin kuwa Malam Uthman ya yi sammakon zuwa ta'aziyya Dogon Daji, ya bar wa ɗansa amanar shayar da shanu. Maccido ya lissafa a ransa: shanu ba agogo gare su ba. Ya kwance injin, ya turo shi a baro, mai walda ya ɗaure shi bayan kujerun ya haɗa bel da ƙafar baya.

Da hantsi baƙi suka sauka. Baffa Ɗangiwa siririn dattijo ne marar yawan magana, cikin babbar rigar shadda da ta sha bugu har tana ƙara. Goggo Tambaya kuwa Allah ya ba ta jiki ya ba ta baki, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya. Bayan an gaisa an sha fura, Maccido ya kai su ƙofar gida ya yaye tabarmar da ya rufe abin da ita.

Goggo ta zagaya shi a hankali.

"Allah sarki. Yaushe anka yi hatsarin?"

"Goggo, haka taka. Haka Larabawa ka hawan ta."

"Su Larabawan mi sunka yi ma Allah?"

Ya miƙa musu kwanon sha guda guda da ya huda ya sa wa igiya, ya ce hular kariya ce, doka ce a wannan sana'a.

"Ni za ka kifa ma kwano a kai? Tuwo ka ɗauke ni?"

Baffa kuwa ya miƙa hannu. Ya karɓi nasa, ya tattara riga ya hau, ya ɗora kwanon a cinya kamar mai jiran sadaka. Goggo ta zauna, kujerar roba ta yi wata 'yar ƙara ta neman agaji. Dada ta leƙo ta kan katanga.

"Baƙi, ku yafe muna tun yanzu. Mu ma ba mu san inda munka samo shi ba."

Maccido ya naɗe igiyar tayar da inji ya ja. Shiru. Ya ja. Injin ya ce tuf, ya yi tunani, ya fasa. Ya cire hula ya tofa yawu a hannu ya ja da dukan zuciyarsa, sai tuf, tuf, tuf-tuf-tuf-tuftuftuf! Bagi ta zabura tun bai hau ba, ya bi ta da gudu ya ɗare.

"Jama'a, barkanku da shigowa!" ya ɗaga murya irin ta masu sanarwa a rediyo, alhali mutum biyu ne a bayansa. "Yau za ku ga abubuwan al'ajabi guda uku: Kuka Mai Ƙofa, Dutsen Kwalkwato, da Tafkin Gauraka!"

Ba su fita gari ba suka iso majalisar dattawa a gindin dogon yaro. Baffa ya taɓa kafaɗarsa.

"Tsaya mu gaisa."

Maccido ya kafa taɓarya. Taɓarya ta ja layi a ƙasa kamar ana shirin shuka, bagi ko a jikinta. Kashe injin kuwa ba ya cikin lissafi, don ya san abin da ya sha kafin ya tashi. Wucewa kuma ba ta yiwuwa: baƙo ya zo ganin surukai ya wuce dattawan gari babu gaisuwa? Sai ya karya sitiyari ya shiga zagaya bishiyar.

"Salamu alaikum!" Baffa ya ce, suna wucewa.

"Wa alaikumus salam!" dattawa suka amsa wa bayansa.

Aka zagayo. "Kun kwana lafiya?"

Aka zagayo. "Ina gajiya?"

Tsoho Na'iya, wanda ya taɓa fataucin gero a Kebbe, ya gane baƙon, shi kuwa ba ya gaisuwar rabi. Ya gyara zama yana bin su da wuya.

"Ɗangiwa! Kai na? Ina Malam Nasiruddeen?"

"Shina lafiya!"

"Ƙafar tashi fa?"

"Da sauƙi!"

"Wadda ta hagu ko ta dama?"

Kafin amsar ta zagayo, bagi ta take butar alwala, ta kwashe takalman dattawa ta watsa. Goggo ta rungume bututu ta rufe ido.

"Kai yaro, furar da kunka ba ni tana neman hanya! Fitar da mu!"

Maccido ya miƙe hanya suka faɗa daji, Na'iya yana bayansu yana kiran a gaida masa mutanen gidan Nasiruddeen ɗaya bayan ɗaya.

A ransa Maccido ya ga an fara da kyau. Ko ba komai gari ya gani. Ya bi ta cikin gonakin da aka share, bagi tana tsalle kan tsofaffin kunyoyi, haƙoran Baffa suna haɗuwa, kas-kas-kas. Da suka hango Kuka Mai Ƙofa ya nuna ta da hannu biyu, sitiyari ya yi abin da ya ga dama.

"Ku duba dama! Wagga kuka, masana sun ce ta girmi garin Tambuwal. Akwai rami cikinta, mutum shina shiga tsaye!"

"Kuka ta," in ji Goggo.

"Ba kowace kuka ba, Goggo."

"Wa yac ce maka Kebbe ba mu da kuka? Jiya ita munka sha. Riƙe abin tuƙinka!"

Suka wuce kukar ba wanda ya ga ƙofar, don tana ta ɗaya gefen.

Dutsen Kwalkwato wani baƙin fa ne mai faɗi da ya kwanta a bayan fadama, mata na shanya tsaki a kansa, awaki na hutawa. Nan Maccido ya yi niyyar nuna abin da ya gani a waya. Ya murɗe totur har ƙarshe.

"Ku riƙe da kyau! Yanzu za mu hau. Daga sama ana hango Sanyinna, in ido na da kyau har Kebbe!"

"Daga can munka fito," Baffa ya ce. Ita ce doguwar maganarsa ta farko.

Bagi ta kama dutse. Ta hau, ta hau, injin yana kururuwa, TUF-TUF-TUF, dutse yana mayar da amo har ƙarshen fadama. Da ta kai rabi ta tuna da nauyin Goggo, ta tsaya, ta fara komawa da baya. Baffa ya ɗaga hannu zai kama bututu, hannun babbar riga ya faɗa kan bel. Ƙiiiii! Injin ya haɗiye shadda kamar taliya. Kafin a ce innalillahi, rabin riga ya tafi, ya bar Baffa da 'yar ciki da wuyan aiki yana lilo a ƙirjinsa.

"Wannan yana faruwa," Maccido ya ce da sauri, da suka dawo ƙasa bagi ta juya da kanta ta kama gangare. "Shi ya sa Larabawa ba su sa babbar riga."

Baffa ya dubi abin da ya rage na shaddarsa. Ya ƙara riƙe kwano.

To, akwai waɗanda suka ji wannan kururuwa suka fahimce ta fiye da kowa. Tun safe shanun gari suke tsaye a bakin busasshen kwami, rana tana dukansu. Shekara da shekaru sun san abu guda: in wannan murya ta ce tuf-tuf, ruwa ya zo. Yau sun jira ba su ji ta ba. Sai ga ta tana kira daga bayan dutse. Babban bijimin Malam Uthman, fari mai tozo kamar tulu, ya ɗaga kai. Ya juya. Garke ya juya.

Goggo ce ta fara waiwayawa.

"Maccido, shanun can mu sunka biyo?"

Ya leƙa. Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Cikin tsari yake, Goggo. Kallon namun daji. A ƙasashen waje sai an yi sa'a aka ganin su kusa haka."

"Namun daji da igiya a wuya?"

Shanu suka ƙara sauri. Maccido ya ƙara wuta, injin ya ƙara kira, shanu suka ce ai ruwan ne ke gudu, suka sa ƙafa. Na maƙwabta suka shigo. Wani garken Fulani da ke wucewa can gefe, da suka ga 'yan uwa na gudu, ba su tsaya tambaya ba. Har wani jaki ya bi. Ƙasa ta ɗauki rugugi, ƙahoni ta ko'ina, masu shanu a baya da sanduna suna ihu, kowa yana kiran tasa da suna.

"Kashe shi!" Goggo ta daki bayansa. "Kashe abin nan!"

"In na kashe su tattake mu!"

"To tsaya!"

Ya kafa taɓarya da ƙarfi. Ta daki kututture, ta fice daga hannunsa ta yi sama, ta tafi inda Allah ya nufe ta.

Wata saniya ta iso daidai kujerar Goggo tana gudu tana lasar mata gwiwar hannu. Goggo ta ɗauko kwanon da ta ƙi sawa ta kifa a kai da kanta, tana salati tana haɗawa da zagin dangin Maccido har na wajen uwa. Baffa ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi.

"Jama'a!" Maccido ya ƙwala, muryar rediyon ta koma ta ɗan akuya. "A gabanku... Tafkin Gauraka!"

A waya, Larabawa kan keta bakin ruwa su watsa shi sama, abin sha'awa. Shi ma haka ya tsara. Sai dai tafkin namu a bazara ba ruwa ba gauraka, laka ce da ta yi ɓawo a sama, kuma rabin mazan gari suna gefenta suna buga tubali. Suka ɗago kai suka ga jan ƙwarangwal ya nufo su, da dattijo ba riga, da mace da kwano a kai, da shanun duniya a baya. Kowa ya jefar da abin da ke hannunsa ya hau tudu. Masu waya suka ciro.

Bagi ta hau ɓawon laka, ta yi 'yar tafiya cikin taƙama, sannan ɓurum! Ta nutse har kujeru. Injin ya ce tuf, ya ce bul-bul, ya yi shiru.

Shanu suka kewaye su. Suka tsaya cik, suna haki, suna jira. Inji ya yi aikinsa, saura ruwa. Farin bijimi ya kutso cikin laka, ya dubi Maccido, ya dubi Goggo, sannan ya hango kwano a cinyar Baffa. Ya tura baki ciki. Ya ga babu komai. Ya ɗago ya yi atishawa a fuskar dattijon, ya lashe masa gemu daga ƙasa har sama.

Tudu ya fashe da dariya. Wani ya faɗi yana dukan ƙasa.

"Maccido! Nan na Dubai ɗin?"

"A'a, ku bari, bai ƙare ba, yanzu za ta tashi sama!"

"Baba, ka ba bijimin hannu, ya gaishe ka!"

Ana cikin haka babur ya tsaya. Malam Uthman ne, ya dawo daga ta'aziyya ya tarar da kwami a bushe, rijiya ba inji, fadama ba saniya ko ɗaya, ya biyo sawu. Ya sauka ya tsaya bakin laka. Ya daɗe yana kallon injinsa da shadda naɗe a wuya. Sannan ya dubi ɗansa.

"Shanu sun sha?"

"Baba, ai dama yanzu nika shirin..."

"Sun sha?"

"Ba su sha ba."

Malam Uthman ya cire takalmi, ya naɗe wando ya shiga laka da kansa, ya kori bijimin, ya kamo hannun Baffa ya fito da shi, yana ba da haƙuri kansa a ƙasa. Ya tuɓe rigarsa ya yafa masa. Goggo kuwa sai da masu tubali suka shimfiɗa katako, aka taru aka ja, ta fito da kujerar roba manne a jikinta.

Baffa Ɗangiwa ya goge gemu da gefen rigar aro. Ya miƙa wa Maccido kwanonsa da hannu biyu, cikin ladabi. Sannan ya juya ga uban.

"Malam Uthman, mun ce za mu zo mu gani. Mun gani. Goron da kunka aiko ba a raba shi ba tukuna. Gobe za a maido."

"Baffa!" Maccido ya yunƙuro, laka ta riƙe masa ƙafa. "Gwaji na wanga! Kowace sana'a tana da ranar farko! Ka tambayi Hamdiya, ita ta san hangen nesana!"

Kamar ya kira ta, wayar Goggo ta yi ƙara a cikin lalita. Goggo ta ciro ta buɗe murya don kowa ya ji.

"Goggo, kun gan shi? Ya kunka gan shi?"

"Mun gan shi, ɗiyata. Yana da farin jini, ban taɓa ganin irinshi ba. In kina son shi sai ki bi layi bayan shanu, sun riga ki."

A wayar aka ji wata 'yar dariya da ake ƙoƙarin dannewa.

"An turo mani hoton yanzu. Goggo... ku dai taho gida. Ki ce mashi ya goge lambata."

Aka ɗora Baffa a bayan babur, Goggo ta ce ita ko a ƙafa za ta koma Kebbe, ba ta ƙara hawa abin da ke da inji yau. Malam Uthman ya sa aka kwance injin daga cikin laka, aka ɗora wa Maccido a kai, ya ce ya kai shi bakin rijiya, kuma kafin a wanke shi a gyara, guga na nan, shanun gari na nan, har na Fulanin da ya gayyato.

Maccido ya fito daga tafki, laka har ƙugu, baƙin mai yana gangaro masa ta bayan kunne. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Ya juyo da injin a kai ya fuskanci tudu, ya gyara murya.

"Jama'a, da zarar an gyara akwai fita ta biyu. Kujera biyu ce rak. Mai so ya yi magana tun yanzu, kada a zo ana roƙona."

Ba wanda ya tanka. Sai farin bijimi da ke bayansa ya ɗaga kai ya ce, "Mmuuuu."